Garmin Xero C1 Pro: Tana Faɗin Gudun Harsashi, Ba Ta Faɗin Matsin Bututu

Na'urar Xero C1 Pro, wadda kamfanin Garmin na Amurka ya fitar a ƙarshen shekarar 2023 a kan dala 599.99, aikinta guda ɗaya ne, wato ta faɗi gudun da harsashi ko kibiya ke yi a lokacin da suka bar bakin makami. A wannan aiki abin da zan kushe mata kaɗan ne. Dalilin da ya sa na ga ya dace a tsawaita bayani a kanta shi ne, akasarin waɗanda suka tambaye ni labarinta a nan Zariya, daga ɗalibai har zuwa tsofaffin ma'aikatan ɗamara, sun ɗauka cewa duk wanda ya san gudun harsashi ya san ƙarfin matsin da ke cikin bututun bindiga, saboda haka ya san ko bindigar tana cikin aminci ko tana daf da tarwatsewa a hannun mai ita. Wannan zato kuskure ne, kuma irin kuskuren da ke raba mutum da yatsunsa ko idonsa.

Ni malamin fiziks ne, kuma na'urar ba tawa ba ce. Ta wani dattijo ce mai ritaya da ke zaune a Samaru, wanda yake da lasisin riƙe bindigar iska, ɗansa ne ya aiko masa da na'urar daga waje. Da bindigar iskar tasa mai harsashin dalma na milimita 4.5 muka gwada ta, sai kuma baka irin na wasan harbi, a bayan gari inda akwai tudun ƙasa da ke tare duk abin da aka harba. Abin da zan faɗa game da bindigogi masu albarushi ya dogara ne a kan alƙaluman da hukumomin gwajin makamai suka wallafa, da kuma lissafin da kowane ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare zai iya bi da biro da takarda.

Na'urar ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai kai santimita takwas ba, nauyinta kuma giram ɗari da ɗan ɗoriya, tana zuwa da 'yar ƙafa mai rassa uku da ake ɗaura ta a kai. Allonta baƙi da fari ne, ana iya karanta shi a tsakiyar rana ba tare da an kare shi da tafin hannu ba, abin da wayoyi da yawa masu tsada ba su iya yi a ranar watan Afrilu. Batirinta a ciki yake, ana yi masa caji da wayar USB-C, kuma kamfanin ya ce yana kai awa shida ko harbi 2,000 kafin ya ƙare. Tana da shaidar jure ruwa ta IPX7, don haka yayyafin farkon damina ba zai sa a tattara kaya a guje ba. Iyakar abin da take aunawa daga ƙafa 100 ne zuwa ƙafa 5,000 a sakan ɗaya, wato daga kimanin mita 30 zuwa mita 1,500 da 'yan kai, kuma ana iya sa ta riƙa nuna sakamako da mita ga wanda bai saba da ƙafa ba.

Girka ta ba ya buƙatar gwaninta. Ana ajiye ta a gefen bututu, tsakanin inci 5 zuwa 15 daga gare shi, a ɗan ja ta baya da bakin bindigar, a fuskantar da ita wajen abin da ake hari, wanda ake so ya kai nisan yadi 20 ko fiye, sannan a zaɓi irin makamin a allo. Shi ke nan. Dattijon, wanda har yanzu jikokinsa ke buɗe masa saƙonni a waya, ya iya sarrafa ta tun a zaman farko, ya kuma ce da ni, "Malam, wannan ai ba ta da gardama." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba, sai dai abin da ta sani kaɗai za ta faɗa."

Yadda take aiki shi ne ta hanyar rada. Tana watsa igiyar lantarki zuwa gaba, igiyar ta bugi gindin harsashin da ke nesanta, ta dawo da ɗan sauyi a yawan kaɗawarta, kuma daga girman wannan sauyi ake fitar da gudun. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842, kuma ita ce dai jami'an kiyaye haɗurra ke amfani da ita idan suka auna gudun mota a kan titi. Kafin zuwan irin wannan na'ura hanyar ta yi tsawo. A 1742 Benjamin Robins na Ingila ya fito da dabarar harbin wani katako mai nauyi da aka rataye, a auna nisan lilon da ya yi, a lissafa gudun harsashin daga nan. Har gobe wannan gwaji yana cikin darussan fiziks na shekarar farko a jami'a. A shekarun 1860 wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya ƙera na'urar da harsashi ke tsinka wayoyin lantarki biyu, a auna tazarar lokacin da ke tsakaninsu. Daga baya aka sami masu idon haske, waɗanda ake kafawa a gaban mai harbi, harsashi ya ratsa ta samansu su ga inuwarsa.

Waɗannan masu idon haske su ne suka fi arha, su ne kuma suka fi ba da wahala. Hasken rana idan ya karkace sai su ruɗe, hazon hunturu ma haka, iska tana kayar da su, kuma tun da a gaban bindiga suke zama, ƙarshen da yawa daga cikinsu shi ne mai su ya harbe su da hannunsa. Akwai MagnetoSpeed da ake ɗaura wa a jikin bututu, wadda ba ruwanta da haske, amma nauyinta yana iya karkatar da inda harsashi ke sauka, ga shi ba ta da amfani ga mai baka. Akwai kuma LabRadar ta asali, wadda ita ma rada ce, sai dai babba ce, tana son a saita ta daidai, kuma tana jiran ƙarar harbi kafin ta farka, abin da ke sa bindigar iska mai ƙaramin sauti ta riƙa wuce ta sai an haɗa mata wani abin taimako. Ta Garmin ba ta jiran ƙara. Mun gwada ta da hantsi, mun gwada ta da la'asar sakaliya cikin ƙurar hunturu, harbin da ya kuɓuce mata bai taka kara ya karya ba, kuma inda hakan ta faru, mun tarar an bangaji ƙafarta ne ta juya gefe.

Bayan kowane harbi tana nuna gudunsa, ta kuma riƙa tara lissafi: matsakaicin gudu, da tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi sanyi, da ma'aunin warwatsuwar alƙaluman. Idan aka shigar mata da nauyin harsashi sai ta fitar da ƙarfin dukansa. Manhajar ShotView da ake saukewa a waya tana karɓar duk wannan ta Bluetooth, ana iya rubuta bayani a kan kowane zama, a kuma ware harbin da aka san an yi kuskure a cikinsa. Manhajar ba ta da ado, amma tana yin abin da aka ce ta yi.

Aibobinta guda uku ne a wurina, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Batirin da ke ciki ba wanda mai ita zai ciro ya sauya da kansa ba ne, wanda hakan abin dubawa ne ga mai zama nesa da wakilan kamfanin. Sannan gudun bakin bindiga kaɗai take bayarwa, ba ta faɗin yadda harsashi ke rage gudu a mita hamsin ko ɗari, alhali LabRadar ta asali tana yin haka, kuma malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda iska ke cin gudun abu zai ji wannan rashi. Na ukun shi ne ya fi shafar mutanenmu: an yi ta ne domin abu guda da ke tafiya shi kaɗai. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma masu yawa a harbi ɗaya, ba abokiyar aikinta ba ce, kuma ita ce bindigar da masu lasisi da yawa a ƙasar nan suke riƙe da ita. Bindigogin da ake bugawa a hawan salla a ƙofar fadar Zazzau kuwa albarushi ne zalla ba harsashi, babu abin da rada za ta bi.

Yanzu sai batun matsi. Idan aka ja kunama, allura ta bugi gindin kwanso, albarushi ya kama, sai ya rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi a cikin wuri ƙanƙane. Matsin wannan iska yana hawa da sauri, ya kai ƙololuwa tun harsashi bai yi tafiyar da ta wuce 'yan santimita ba, daga nan ya fara sauka domin wurin da ke bayan harsashi yana ƙara faɗi, har ya zama kaɗan ne ya rage daga ƙololuwar a lokacin da harsashin ya fita. Duk wannan yana faruwa a cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Abin da ke fasa bindiga shi ne ƙololuwar. Abin da ke ba harsashi gudu kuwa shi ne jimillar turin da ya samu tun daga farkon bututu har ƙarshensa. Rada tana ganin sakamakon jimillar ne kawai, kuma jimilla ɗaya tana iya fitowa daga ƙololuwa iri-iri. Direbobi biyu za su iya tashi daga Zariya su isa Kaduna cikin awa ɗaya, ɗaya ya yi tafiyarsa a kan tamanin daga farko har ƙarshe, ɗayan ya taka ɗari da hamsin a rabin hanya sannan ya lallaɓa a sauran. Wanda ya tsaya a tasha da agogo ba zai iya bambance su ba.

Ga lissafin ga mai son gani da idonsa. A ɗauki harsashin .308 Winchester, ɗan'uwan 7.62×51 na sojoji, mai nauyin giram 9.7, wanda ya fita da gudun mita 860 a sakan daga bututu mai tsawon santimita 61. Rabin nauyi sau gudu sau gudu zai ba da ƙarfin duka na kimanin jul 3,600. Tafiyar da harsashin ya yi a cikin bututun kimanin santimita 56 ce, tun da kwanso ya cinye sauran, don haka matsakaicin turin da ya samu ya kai kimanin niyuton 6,400. Faɗin ramin bututun murabba'in milimita 47.5 ne, idan aka raba sai a sami matsakaicin matsi na kimanin bar 1,350. To amma iyakar da hukumar gwajin makamai ta CIP ta Turai ta yanka wa wannan harsashi ita ce bar 4,150, ita kuwa SAAMI ta Amurka ta sa psi 62,000, kuma harsasan kamfani ba su cika yin nisa da wannan iyaka ba. Ma'ana, abin da gudu ya nuna mana bai wuce sulusin ƙololuwar ba, ga shi lissafin bai sa gogayyar harsashi da bututu ba, bai kuma sa ƙarfin da ya tafi a zafi da tura ita kanta iskar ba. Domin a gane girman waɗannan alƙaluma, psi shi ne ma'aunin da mai faci ke dubawa, kuma tayar ƙaramar mota ba ta wuce psi talatin da 'yan kai.

Wani zai ce to sai a riƙa ninka matsakaicin sau uku a huta. Ba ya yiwuwa, domin wannan rabo ba tsayayye ba ne. Albarushi mai saurin ci yana kai wa ƙololuwa mai tsini sannan ya faɗi nan da nan, mai jinkirin ci kuma yana shimfiɗa turinsa a tsawon bututu, saboda haka na farkon yana iya ba da gudu kaɗan tare da matsi mai haɗari. Tsawon bututu ma haka: idan aka rage inci ɗaya daga bututun irin wannan bindiga, gudu yana raguwa da kimanin ƙafa ashirin zuwa talatin a sakan, amma ƙololuwar matsi tana nan inda take, tun da ta riga ta faru a can kusa da kwanso. Wanda ya ga bindigarsa mai gajeren bututu ta kasa kai gudun da aka rubuta a kwali, ya ɗauka akwai sauran fili, ya karanta alƙaluman a baibai. Zafin rana yana ƙara matsi, kuma harsashin da ya wuni a cikin mota a rufe a watan Maris ba daidai yake da wanda aka gwada a ɗaki mai sanyi ba. Datti ko tsatsa ko laka a cikin bututu suna iya ɗaga matsi su kuma rage gudu a lokaci guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bindigar iskar dattijon ta nuna wani ɓangare na wannan ba tare da ko ƙwayar albarushi ba. Irin wadda ake cika wa tukunya da famfo ce, tana da agogon matsi a jikinta, kuma ba ta da abin daidaita iska. Mutum zai zaci harbin farko, lokacin da tukunya ke cike, shi ne zai fi gudu. Ba haka allon ya nuna ba: gudun ya fara a ƙasa kaɗan, ya hau yayin da allurar agogon ke sauka, ya daidaita na wani lokaci, sannan ya gangara. Dalili shi ne, idan tukunya ta cika maƙil, iskar tana danne murfin da guduma ke bugawa ya buɗe, sai ya saki iska kaɗan. Matsin tukunya ba shi ne matsin bututu ba, amma darasin ya fito fili ga ɗaliban da na nuna wa jadawalin, cewa gudu ba ya bin matsi sau da ƙafa. A wannan aiki na gano iyakar harbin da ya fi daidaito a cika ɗaya, na'urar ta biya kuɗinta.

Masu auna matsi na gaskiya ba daga waje suke tsayawa ba. Tsohuwar hanya, wadda ta samo asali tun ƙarni na 19, ita ce a huda bututun gwaji, a sa ɗan guntun jan ƙarfe a bayan wani fistan, a harba, sannan a auna yawan matsewar da jan ƙarfen ya yi. Ta zamani tana amfani da wani ƙaramin dutse da ke fitar da lantarki idan aka matse shi, wanda ke zana hawa da saukar matsin gaba ɗaya a kwamfuta. CIP, wadda aka kafa a 1914, da SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ba wuri ɗaya suke ɗora ma'auninsu ba, shi ya sa alƙalumansu a kan harsashi ɗaya ba su cika zuwa daidai ba ko an juya bar zuwa psi. A ƙasashen da ke bin CIP ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, an harba ta da harsashin da matsinsa ya ɗara iyaka da kashi 25 cikin ɗari idan doguwar bindiga ce mai zare a bututu, sannan a buga mata hatimi. Akwai manhajojin kwamfuta irin su QuickLOAD da ke ƙiyasta matsi da gudu tare, amma ƙiyasi ne, kuma masu su da kansu suna gargaɗin kada a ɗauke shi a matsayin awo. Amfanin rada a nan shi ne ta ƙaryata ƙiyasin idan ya kauce. Idan gudu ya haura abin da kamfanin harsashi ya rubuta da tazara mai yawa, wannan alama ce ta a dakata a kai wa masani. Idan bai haura ba, ba shaidar aminci ba ce.

Wannan ya sa nake jin tsoron ranar da irin wannan na'ura za ta shiga hannun mai bindigar toka yana neman ta tabbatar masa da ƙarfin bindigarsa. Bindigar da maƙeri ya ƙera ba ta taɓa shiga gidan gwaji ba, ba wanda ya san iyakar abin da ƙarfenta zai ɗauka, kuma albarushin gargajiya da aka yi ta dominsa matsinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na albarushin zamani marar hayaƙi. Zuba na zamani a cikinta yana tarwatsa ta, kuma babu wata lamba a allon Garmin da za ta yi gargaɗi kafin hakan ta faru.

Su wa ya kamata su saya? A Amurka daga cikin masu sayenta akwai masu ɗura harsashinsu da kansu a gida, wanda doka ta yarda musu. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka amince wa, kamar DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna tun 1964, kuma ko bindigar iska tana cikin rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe ta, bindigar toka kuma sai da na Kwamishinan 'yan sandan jiha. Saboda haka kasuwarta a nan ƙarama ce. Na ga amfaninta ga cibiyoyin horo, kuma Zariya ba ta rasa su ba, tun daga Daffo na sojan ƙasa da ke nan tun 1924 har zuwa makarantar 'yan sandan soja ta Basawa, inda mai kula da ma'ajiya zai iya gane ko wani rukunin harsasai da ya daɗe a ajiye ya fara warwatsa gudu. Na ga amfaninta ga masu binciken laifuka, da masu horar da 'yan wasan harbi da na baka, da kuma sassan fiziks da injiniyanci na manyan makarantu, inda kibiya kaɗai ta isa a yi darasin zango guda.

Ga mutum ɗaya mai bindigar iska, kuɗin yana da nauyi. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, naira 900,000 ke nan kafin a sa kuɗin dako da na kwastan, alhali mai idon haske da ba ta kai rubu'in wannan kuɗi ba za ta ba shi amsa mai kyau idan ya jure halinta ya kuma zaɓi ranar da sama ta washe. Wanda ya ƙudura sai ita, ya fara tuntuɓar hukumar kwastan kafin ya biya, domin kayan da suka danganci makamai sukan buƙaci takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kuma ya nemi mai sayarwa ya rubuta masa sharuɗɗan garanti a kan batirin tun kafin a ɗauro kayan.